Gokarna, garin da baƙi ke ciyarwa

Labarinmu na yau na nesa ne. Za mu ƙetare teku mu tafi ƙasar Indiya. Da yawa cikinmu sun san Indiya ta wajen silima, inda ake waƙa da rawa. Amma ƙasar ta wuce nan. Mutanenta sun fi miliyan 1400, kuma tun shekara ta 2023 babu ƙasar da ta kai ta yawan jama'a. Cikin mutum 10, wajen 8 suna bin addinin Hindu. Musulmi ma suna da yawa, sun fi miliyan 170.

Ba babban birni za mu ba. Wani ɗan gari ne a bakin teku, sunansa Gokarna. Ba shi da ganuwa, bai taɓa zama gidan babbar sarauta ba. Sarakunan da suka mallake shi sun shuɗe, waɗansu biranensu sun zama kufai, shi ko yana nan. Baƙi ne suka riƙe shi. Shekara fiye da 1500 ke nan mutane suna tafiya can don ibadarsu, suna kwana, suna cin abinci, suna barin kuɗi. A zamanin nan waɗansu baƙi na dabam sun ƙaru, waɗanda ba ibada ta kawo su ba.

Inda garin yake

Gokarna tana yammacin Indiya, cikin jahar Karnataka. Daga Bangalor, babban birnin jahar, motar haya tana tashi da dare ta iso da safe. Daga Mangalor, wani birnin bakin teku da ke kudu, kamar tafiyar Maradi zuwa Damagaram ce. Arewa da ita akwai ƙasar Gowa. Ku riƙe wannan suna, za mu sake jin shi.

In mutum ya tsaya bakin garin ya dubi yamma, ba ya ganin komi sai ruwa. Shi ne tekun Larabawa. Ruwan gishiri ne, ba a sha, ba a ban-ruwa da shi. Jirgin da ya miƙe yamma daga nan, sai gaɓar Yaman zai ga ƙasa.

Ga abin mamaki. In aka duba taswirar duniya, Gokarna tana layi ɗaya da ƙasarmu, tsakanin layin Damagaram da na Tawa. Amma ruwan samansu ya fi milimita 3000 a shekara. A Maradi, in aka samu 500 ko 600, sai a ce damana ta yi kyau. Dalili shi ne, bayan garin akwai jerin manyan duwatsu. Daga watan Yuni zuwa Satumba iska tana ɗauko hadari daga teku. In ya iso duwatsun sai ya kasa wucewa, ya zubar da ruwansa nan. Don haka ƙasar kore ce shar. Ana noman shinkafa, da ayaba, da kwakwa, da masoro, da wani ɗan itace da suke tauna kamar yadda muke tauna goro.

Gulbi biyu sun sa garin tsakiya. Na arewa sunansa Gangawali, na kudu Aganashini.

Kunnen saniya

A tsohon harshen littattafansu, wanda ake ce ma Sanskirit, go shi ne saniya, karna kuma kunne. Gokarna ke nan kunnen saniya. Waɗansu sun ce ƙasar da ke tsakanin gulaben nan biyu ce ta yi kama da kunnen saniya. Waɗansu sun ce a'a, abin bautarsu mai suna Shiwa ne ya fito nan daga kunnen wata saniya. Kun san saniya tana da girma ƙwarai wurin Hindu. Har yau shanu suna yawo cikin garin yadda suka ga dama, har bakin teku, ba mai dukan su.

Amma labarin da ya jawo mutane shi ne wannan. Ga shi yadda masu addinin suke faɗin shi.

Wai an yi wani sarki mai ƙarfin gaske a tsibirin Lanka, sunansa Rawana. Ya tafi duwatsun arewa ya yi ta bauta, har Shiwa ya yarda ya ba shi wani dutse mai daraja, wanda ake ce ma Atmalinga. Amma da sharaɗi: kada ya aje shi ƙasa, don inda aka fara aje shi nan zai zauna har abada. Rawana ya rungumi dutsen ya nufi gida. Sauran ababen bautarsu suka ji tsoro. Suka ce in dutsen nan ya kai Lanka, ba mai sake iya tanƙwara Rawana. Suka sa Ganesha, mai kan giwa, ya rikiɗa ya zama ɗan yaro ya tare hanya.

Rawana ya iso Gokarna rana tana faɗuwa, lokacin ibadarsa ta maraice ya yi. Ya ga yaro, ya ce ya riƙe mashi dutsen. Yaro ya ce to, amma in ya gaji zai yi kira sau 3, in ba a zo ba zai aje. Rawana yana shiga ruwa, yaro ya yi kiran nan 3 da sauri, ya dire dutsen ƙasa. Rawana ya sheƙo a guje. Ya ja, ya murɗa, dutse ya ƙi tashi. Don haushi ya ƙwanƙwashi yaron a ka. Ya kira dutsen Mahabala, watau mai babban ƙarfi.

Daga nan babban gidan bautar garin ya samu sunansa, Mahabaleshwar. Kusa da shi akwai gidan bautar Ganesha. Masu ziyara suna nuna wani ɗan rami bisa kan siffarsa, su ce wurin ƙwanƙwasar ke nan.

Yadda ake ziyarar

Mai ziyara ba ya shiga kai tsaye. Sai ya fara zuwa teku ya yi wanka. Sannan ya bi ta gidan Ganesha. Daga baya ya shiga wurin Shiwa, ba takalmi, namiji kuma ba riga, sai zane. Dutsen kansa yana cikin ƙasa, an rufe shi da wani faifan dutse mai huda a tsakiya. Ta hudar nan mutum yake sa hannu ya taɓa kansa. A wurare da yawa na Indiya malaman addinin kaɗai ke taɓa irin wannan dutse. A Gokarna mai ziyara yana taɓawa da hannunsa, shi ya sa suke ɗaukar wahalar zuwa. Baƙon Bature da ya zo kallo ba a barin shi shiga can ciki.

Da yawa kuma mutuwa ce take kawo su. Hindu suna ƙona gawa, su zuba tokar cikin ruwa. Wurin da suka fi girmamawa don wannan shi ne birnin Banaras, can arewa a bakin gulbin Ganga. Banaras ta yi ma mutanen kudu nisa, Gokarna ta zama Banaras ɗinsu. Ɗan mamaci yana zuwa ya aske kansa, ya zauna gaban malami, a mulmula dafaffiyar shinkafa kamar dawo, a miƙa da sunan iyaye da kakanni. Ana yin haka bakin teku, ko bakin wani babban tabki ginanne da ke tsakiyar gari, mai matakala ta kowane gefe. Sunansa Kotitirta.

Babban bikin shekara shi ne Shiwaratiri, cikin Fabrairu ko Maris. Ran nan garin ba masaka tsinke. Ana fito da wata ƙatuwar amalanke ta katako, mai tsawo kamar soro, an yi mata ado da tutoci. Ɗaruruwan mutane suna jan ta da igiyoyi masu kaurin cinya, bisa babbar hanyar gari. Jama'a suna jifan ta da ayaba don neman sa'a.

To, wa ke cin moriyar wannan duka? Na farko su ne Birahman, watau zuriyar malaman addinin. Aikin gado ne. Tun da can gidan malami shi ne masaukin baƙo. Ya saukar da shi, ya ciyar da shi, ya yi mashi jagora wurin ibada, baƙo ya biya. In jikan baƙon ya zo bayan shekara 50, gidan nan zai nema. Wanda ya san aikin fatoma a kasuwanninmu ya gane abin. Bayan su akwai masu sayar da fure da kwakwa, da wanzamai, da masu abinci. Akwai kuma matan wata kabila ta manoma, Halakki, masu tarin duwatsun wuya, waɗanda ke kawo kayan lambu bisa kai kowace safiya.

Sarakuna suna zuwa suna wucewa

Sunan Gokarna ya daɗe cikin littattafai. Yana cikin Mahabarata, babban littafin labaransu na da. Mawaƙin nan Kalidasa, wanda ya rayu wajen ƙarni na 5, ya ambace shi. A ƙarni na 7 waɗansu mawaƙan addini biyu na ƙasar Tamil, Appar da Sambandar, sun yi ma wurin waƙa, alhali ƙasarsu tana nesa, harshensu ma dabam ne.

Wajen shekara ta 345 wani mutum mai suna Mayurasharma ya kafa sarautar Kadamba. Birninsa Banawasi yana cikin duwatsun gabas da Gokarna. Birahman na wannan gaɓa suna cewa shi ya kawo kakanninsu daga arewa ya zaunar da su, kuma a zamaninsa aka fara gina gidan bautar. Yau Banawasi ƙaramin gari ne.

Gaɓar ba ta masu ibada kaɗai ba ce, ta fatake ce kuma. Jiragen Larabawa da na Farisa suna kawo dawaki, su koma da masoro da shinkafa. Waɗansu fataken suka zauna suka yi aure. Zuriyarsu Musulmi suna nan har yau, musamman a garin Batkal. Wajen shekara ta 1342 matafiyin nan Ibn Batuta, mutumin Maroko, ya sauka Honawar, kilomita wajen 50 kudu da Gokarna. Ya iske sarkin garin Musulmi ne, yana ƙarƙashin wani babban sarki Hindu. Ya ƙidaya makarantu 23 na yara maza, 13 na ƴan mata. Shi wannan Ibn Batuta, a shekara ta 1353, ya zo Takadda cikin ƙasarmu, inda ake haƙar jan ƙarfe, har ya rubuta sunan Gobir cikin littafinsa. Idon da ya ga waccan gaɓa ya ga tamu ƙasa.

A lokacin nan wata babbar daula tana tasowa, Wijayanagara, wadda aka kafa a 1336. Ta mallaki kudancin Indiya shekara fiye da 200. A 1565 aka ci ta da yaƙi, aka washe birninta wata da watanni. Kufansa yana nan, ana zuwa kallo.

Kafin faɗuwarta waɗansu baƙi sun ɓullo ta teku, su da bindiga suka zo. A 1498 Basko da Gama, Baturen Fotugal, ya kewayo Afirka ya iso Indiya. A 1510 mutanensa suka kama Gowa. Masoro suke so. Ƙwayar da muke sawa cikin yaji, a Turai ta lokacin dukiya ce babba. Mafi kyawonta kuma cikin duwatsun bayan Gokarna take fitowa. Mai riƙe da ƙasar mace ce, sarauniya Cenna Bairadewi ta Gerusoppa, wadda ta yi mulki daga 1552 zuwa 1606, shekara 54. Wani lokaci ta yi ciniki da Turawan, wani lokaci ta yi yaƙi da su. Su suka sa mata suna Sarauniyar Masoro. Kusa da Gokarna, a bakin gulbin Aganashini, akwai tsohuwar ganuwar Mirjan ta jan dutse, wadda ake danganta gininta ga wannan sarauniya. A ƙarshe ba Turawa suka kayar da ita ba, maƙwabtanta ne, sarakunan Keladi.

A Gowa Turawan Fotugal sun rushe ɗaruruwan gidajen bautar Hindu, suka matsa ma mutane su bar addininsu. Da yawa suka ɗauki iyalansu suka gudo kudu. Shi ya sa yau a Gokarna, ban da harshen Kannada na jahar, ana jin Konkani, harshen Gowa. Akwai kuma bayi baƙar fata da aka kwaso daga gabashin Afirka. Waɗansu suka tsere suka shige dazukan bayan gaɓar. Ana ce masu Siddi. Jikokinsu suna nan cikin wannan yanki, manoma ne. A 2020 aka naɗa ɗaya daga cikinsu, Shantaram Siddi, ɗan majalisar jahar Karnataka.

Baƙi biyu na ƙarni na 17 sun isa a tsaya kansu. Na farko Shiwaji, jarumin kabilar Marata. A farkon 1665 ya ɗauki jiragen ruwa ya kai hari tashar Basrur, ya kwashi ganima. A hanyar komawa ya sauka Gokarna, ya yi wankan teku, ya yi ibada, sannan ya wuce arewa ta ƙasa. Na biyu wani likita ne Baturen Ingila, Jon Firaya, ma'aikacin kamfanin cinikin Ingila. A 1676 ya taso daga Karwar don ya ga bikin Shiwaratiri. Da ya iso, sai ya tuɓe kayan Turawa ya sa irin na Musulmin ƙasar don kada a gane shi, amma aka gane shi. Ya rubuta cewa ya iske taron jama'a mai yawa, da kasuwa, da malamai masu tarin tsofaffin littattafai. A ganinsa garin babbar makaranta ce ta Birahman. Wannan karatu bai mutu ba. Har yau akwai gidajen da yara ke haddace littattafan addinin da ka.

Daga nan sarauta ta yi ta sauya hannu. A 1763 Haidar Ali na Maisur ya ci Keladi. Ɗansa Tipu Sultan ya gaje shi, ya yi ta fama da Ingila har aka kashe shi a 1799. Gaɓar ta faɗa hannun Turawan Ingila. Suka haɗa ta da Madaras, a 1862 suka mayar da ita ƙarƙashin Bombai. Duk wanda ya zo, harajinsa yake so. Masu ziyara ba su daina zuwa ba.

Rikicin gishiri

Kusa da Gokarna akwai ƙauyen Sanikatta, inda ake yin gishiri tun wajen 1720. Ba haƙa ake yi ba kamar a Bilma. Ana gyara ƙasa fage fage kamar na albasa, a buɗe ma ruwan gishiri hanya ya shiga, a toshe. Rana ta shanye ruwan, gishiri ya kwanta, a tattara. Gishirin Sanikatta ba fari ba ne, ja-ja ne saboda ƙasar wurin.

Turawan Ingila sun ɗora ma gishiri haraji. Dokarsu ta 1882 ta hana mutum ya yi gishiri ko ya sayar sai da izininsu. Ku duba wannan zalunci: teku yana ƙofar gidanka, rana ta kowa ce, amma in ka ɗebi gishiri kyauta sai kurkuku. Ran 12 ga Maris 1930 Gandi ya tashi da ƙafa tare da mutum 78. Suka yi tafiyar kilomita wajen 385 har ƙauyen Dandi a bakin teku. Ran 6 ga Afrilu ya duƙa ya ɗebi gishiri da hannunsa, ya karya doka. Mako guda bayan haka, ran 13 ga Afrilu, dubban mutane suka taru a Ankola, maƙwabciyar Gokarna ta arewa, suka yi gishiri a fili suka sayar. Daga baya manoman yankin suka ƙi biyan harajin gona. Aka ƙwace ma waɗansu gonaki da dabbobi, aka ɗaure waɗansu. A ƙasar duka, mutum wajen 60000 aka kama a wannan rikici.

Indiya ta samu ƴancin kai a 1947. A 1956 aka haɗa yankin Gokarna da jahar Maisur, wadda aka sauya ma suna Karnataka a 1973.

Baƙin rairayi

Kudu da garin akwai tuddai masu gangarowa har cikin teku. Tsakanin tudu da tudu akwai filin rairayi mai laushi, ruwa yana lasar shi. Na farko sunansa Kudle. Na biyu ya lanƙwasa sau biyu, ya yi kama da wani harafi mai tsarki wurin Hindu, don haka ake ce mashi Om. Shekaru aru aru ba wanda ya damu da wuraren nan sai masunta, da manoma masu ƴan gonakin shinkafa a bayansu. Rairayi ba ya fid da hatsi.

Sauyi daga Gowa ya zo. A ƙarshen 1961 sojan Indiya suka kori Fotugal daga can. Ba a daɗe ba sai ga samari da ƴan matan Turai da Amurka, masu dogon gashi, waɗanda ake ce ma hipi. Sun gaji da ƙasashensu, suna neman rana da araha da wurin da ba mai sa masu ido. Suka cika bakin tekun Gowa. Da Gowa ta cika da otal da hayaniya, sai waɗansu suka gangaro kudu suna neman shiru. Suka hau tuddan Gokarna da ƙafa, suka ga Kudle da Om. Sauran filaye biyu na gaba, da Turanci aka raɗa masu suna, ɗaya Rabin Wata, ɗaya Aljanna.

Mutanen ƙauye suka lura baƙin nan suna biyan kuɗi don su kwanta cikin rairayi kawai. Suka kafa bukkoki na ganyen kwakwa suna ba su haya, suna dafa masu kifi da shinkafa. Masunci ya gane ɗaukar baƙi cikin kwalekwale daga wannan fili zuwa wancan ya fi jefa koma sauƙi.

Sai jirgin ƙasa ya zo. A watan Janairu 1998 aka buɗe hanyar jirgin Konkan, mai bin gaɓar daga wajen Bombai har Mangalor. Tsawonta ya fi kilomita 700. An huda duwatsu wuri fiye da 90, an gina gadoji wajen 2000. Aka yi tasha kilomita wajen 10 daga Gokarna. Tafiyar da da sai mai niyya, ta zama ta dare ɗaya. Aka yi hanyar mota har Om, aka gina otal na siminti. Yau yawancin masu zuwa rairayin ba Turawa ba ne. Samarin Indiya ne daga Bangalor da sauran birane, ma'aikatan ofis, suna zuwa hutun ƙarshen mako da waya a hannu.

Kuɗi sun shigo, wannan ba gardama. Gangaren tudun da da ba mai so, yau ya fi gonar shinkafa tsada. Amma wanda ya sayar ya cinye kuɗin, ɗansa sai ya koma yi ma mai otal aiki bisa ƙasar kakansa. Shara ta yi yawa, leda da robar ruwa ko'ina. Ruwan ƙazanta na masaukai yana gangarawa teku, inda masu ziyara ke wankan ibada. Ƴan sanda suna kama masu tabar wiwi. Kowace shekara kuma teku yana cin mutane, don da yawa suna shiga ba su iya iyo ba. Tsofaffin gari suna ƙorafi kan sutura: mutum ya taso daga rairayi kusan tsirara ya ratsa ta ƙofar gidan bauta. Har an kafa alluna ana roƙon baƙi su rufe jikinsu cikin gari.

Amma a ganina ba daidai ba ne a ɗora ma baƙin rairayi laifin komi. Masu ziyara ma suna zubar da shara, kuma sun fi yawa. Babban rikicin da ya raba garin cikin shekarun nan ma ba da ƴan rairayi aka yi shi ba. Tsakanin masu addinin ne, kan wa zai riƙe gidan bautar da abin da yake samu. A 2008 gwamnatin jaha ta miƙa shi ga wata zawiyar Hindu mai suna Ramacandarapura. Waɗansu gidajen malamai na gado suka ƙi yarda, aka tafi shari'a. A 2018 babbar kotun jaha ta soke kyautar. A 2021 kotun ƙoli ta ƙasa ta sa wani kwamiti ya riƙe wurin, ƙarƙashin wani tsohon alƙali mai suna Sirikirishna. Shekara 13 ana jan magana.

A watan Maris 2020 kuma cutar korona ta sa gwamnati ta rufe ƙasar duka. Jirgi ya tsaya, mota ta tsaya, aka rufe gidajen bauta har cikin Yuni. Malami da mai bukka, waɗanda ba su cika shiri ba, suka zauna hannu rabbana rana ɗaya. Mai gona da mai koma su ne ke da abin sawa cikin tukunya.

Wannan ya sa maganar gulbin Aganashini take da nauyi. Yana cikin gulaben da ba a datse da madatsa ba. Inda ya haɗu da teku akwai kifi, da ƙaguwa, da wani abin ruwa mai ɓawo biyu wanda mata ke tsinta cikin laka. Akwai wata shinkafa, kagga, mai jure ruwan gishiri. Dubban gidaje da wannan suke ci. Wajen 2006 aka yi niyyar gina babbar tashar lantarki mai ƙona gawayin ƙasa a Tadadi, daidai bakin gulbin. Masunta da manoma suka tashi suka ƙi, har aka janye maganar. A 2024 aka sa bakin gulbin, hekta wajen 4800, cikin jerin fadamun duniya da aka yi alkawarin kiyayewa.

In za a ga garin yadda yake kafin baƙin rairayi, sai da damana. Yuni na kamawa teku yana haukacewa, a hana shiga ruwa. Masu bukkoki su kwance su. Fagagen gishirin Sanikatta su nutse, aiki ya tsaya sai rani. Ruwan yana da haɗari: ran 16 ga Yuli 2024 wani tudu ya zabtaro bisa babbar hanya a Shirur, bakin gulbin Gangawali, ya kashe mutane, har da direbobin manyan motoci da iyalin wani mai shayi. Duk da haka masu ziyara suna zuwa da lemarsu, don wanda ubansa ya mutu cikin Yuli ba ya jiran rani. Wajen ƙarshen damana, cikin Satumba ko farkon Oktoba, akwai kwana 15 na tuna kakanni, bakin Kotitirta ya cika da masu askakken kai. Bayan nan ne mutanen Kudle da Om suke fara saƙar ganyen kwakwa, su sake kafa bukkoki kafin baƙin Nuwamba su iso.